Da gaske kwamfuta tana iya nuna inda annoba za ta bi?

Wani bawan Allah ya turo min tambaya, yace ya sha ganin taswirar nan da ake nunawa lokacin annoba, wadda jan launi yake farawa da ɗigo ɗaya a wani gari sai kaga yana ta bazuwa har ya rufe duniya, ana cewa wai kwamfuta ce ta lissafa. Yace shi dai yana so ya san me ake zuba wa kwamfutar har take sanin daga nan cuta can za ta nufa, kuma in da gaske ta sani, me ya sa lokacin Ebola aka ce mutum sama da miliyan za su kamu amma ba a kai ko kusa ba, ko dai shaci-faɗi ne kawai aka yi masa ado?

Toh Malam, tambayarka ta yi, kuma da yake irin aikin da nake yi kenan bari in ɗan ja ta da tsawo, ka yi haƙuri da ni.

Kwamfuta ba ta san cuta ba. Abin da ta iya shi ne maimaita ƙaramin lissafi sau miliyoyi ba gajiya. Mu ne muke rubuta mata ƙa'ida, muce mutanen gari ɗaya ki kasa su kashi uku, waɗanda ba su kamu ba amma za su iya kamuwa, da waɗanda suke ɗauke da cutar suna yaɗa ta, da waɗanda suka fita daga lissafi ko dai sun warke ko sun rasu. Kowace rana ki kwashi wasu daga kashi na farko ki zuba a na biyu gwargwadon yawan cuɗanya, ki kwashi wasu daga na biyu zuwa na uku gwargwadon kwanakin da cutar take yi a jiki. Shi kenan tushen. Wannan tsarin ma ya girmi kwamfutar kanta, wasu masana biyu Kermack da McKendrick ne suka wallafa shi a 1927. Daga cikinsa ake samun lambar nan da kowa ya ji sunanta lokacin korona, R0, wato mutum nawa mai cuta ɗaya zai shafa wa in kowa a kusa da shi bai da kariya. Ƙyanda tana tsakanin 12 zuwa 18, korona ta farko wajen 2 zuwa 3, Ebolar Afirka ta Yamma kuwa tsakanin 1.5 da 2.

Amma wannan duk gari ɗaya ne a kulle, kamar an zuba mutane a kwano ana juyawa. Tambayarka kuwa akan hanya ce, yadda cuta take tashi daga wannan wuri ta sauka a wancan, kuma anan ne aikin yake da daɗi yake kuma da wahala.

Da can abin da sauƙin zanawa, domin cuta ba ta wuce saurin ƙafa da doki da jirgin ruwa. Baƙar annobar nan da ta kashe miliyoyin mutane a Turai ta sauka tsibirin Sisili na Italiya a watan Oktoban 1347, a 1348 tana Faransa da Ingila, a 1349 ta kai Norway, in ka zana ta a taswira sai kaga layi-layi kamar ruwan da ya kwanta yana cin ƙasa a hankali. Irin wannan har yanzu ana ganinsa a dabbobin daji. Ciwon haukan kare da ya shiga cikin yanyawar Turai ya taso ne daga wajen iyakar Poland a kusan 1940, yana tafiya yamma kilomita 30 zuwa 60 a shekara, sai 1968 ya isa Faransa. Ga irin wannan, sai ka yanka taswira gida-gida kamar dara, kace kowane gida yana shafa wa maƙwabcinsa, ka sa kogi da dutse su zama shinge, kuma lissafin yana fitowa da kyau. A jihar Connecticut ta Amurka ma an gwada akan irin wannan ciwon a wata dabbar dajin, aka tarar kogi yana rage saurin tsallakawar cutar kusan ninki bakwai.

Mutum kuwa ba yanyawa ba ne, mutum yana hawa jirgi. Ka dubi abin da ya faru da SARS, wata cutar numfashi 'yar uwar korona. Ranar 21 ga Fabrairun 2003 wani likita daga lardin Guangdong na ƙasar Sin ya kwana dare ɗaya a hawa na tara na otal ɗin Metropole a Hong Kong, baƙin da suka kwana a wannan hawan suka kwasa, cikin 'yan kwanaki cutar tana Hanoi tana Singafo tana Toronto, alhali akwai garuruwa da yawa kusa da Hong Kong ɗin da ba ta leƙa ba. In da lissafin gida-gida ka yi amfani da shi a nan da ka sha ƙasa tun ranar farko.

Bari in nuna maka da lambobin misali, ni na ƙirƙire su don ka ga yadda injin yake juyawa. Ka ɗauka akwai birni mai mutum miliyan ɗaya, mutum 1,000 suna ɗauke da cuta, kenan ɗaya cikin dubu. Akwai wani birni can nesa, kilomita 5,000, amma kullum mutum 200 suna tashi zuwa can ta jirgi. Akwai kuma wani ƙauye kilomita 50 kacal, sai dai mutum 20 ne suke zuwa a rana. A lissafi, birnin nesa zai karɓi mai cuta ɗaya duk kwana biyar, ƙauyen kusa kuwa sai duk kwana hamsin. Toh a wurin cuta wanne ne kusa? Kaga nisan da take ganewa ba na kilomita ba ne, na yawan ƙafafun da suke bin hanya ne. Wannan shi ne abu ɗaya da nake so ka riƙe ko da ka manta sauran. A 2013 Dirk Brockmann da Dirk Helbing suka ɗauki wannan tunanin suka sake zana taswirar duniya gaba ɗaya, suka jera filayen jirgi ba bisa nisansu ba sai bisa kason fasinjan da yake tafiya daga wannan zuwa wancan, sai ga SARS da murar aladu ta 2009, waɗanda a taswirar da muka saba suke kama da tsalle-tsalle ba kai ba gindi, sun koma zagaye-zagaye a tsare kamar an jefa dutse a tafki. Ranar da na fara ganin hoton nan na daɗe ina kallonsa wallahi, don abin da muke ta faɗa da lissafi ne aka nuna shi ido ya gani.

Saboda haka yawancin manyan kwaikwayon annoba da ake yi a kwamfuta yanzu haka suke, kwanuka dubbai, kowane kwano gari ne da nasa lissafin kashi ukun yana gudana a ciki, sai a haɗa su da igiyoyin tafiya. Masanan Tarayyar Sobiyet ne suka fara yi wa mura haka tsakanin biranensu, sannan a 1985 Rvachev da Longini suka haɗa birane 52 na duniya da jadawalin jirage suka sake buga annobar murar Hong Kong ta 1968, ta bi biranen kusan yadda ta bi su a zahiri. Jikan wannan aikin shi ne manhajar GLEAM ta ƙungiyar Alessandro Vespignani, wadda ta kasa duniya yankuna sama da 3,000, kowanne a kewayen filin jirgi, ta haɗa da masu zuwa aiki su dawo kullum tsakanin yankunan da suke maƙwabtaka. A 2009 tun kafin kaka suka ce murar aladu za ta kai ƙololuwa a ƙasashen arewacin duniya a Oktoba zuwa Nuwamba, da wuri fiye da yadda mura ta saba, kuma hakan aka yi a mafi yawansu.

Akwai wani salon da ya fi wannan zurfi, wanda ba kwano ake yi ba, mutum ɗaya-ɗaya ake ƙirƙira a cikin kwamfuta, a ba shi shekaru da gida da makaranta ko wurin aiki, ya tashi da safe ya fita ya dawo. An yi wa birnin Portland na Amurka haka da mutum kusan miliyan ɗaya da rabi don a gwada abin da zai faru in agana ta ɓulla, a 2005 kuma Neil Ferguson da abokan aikinsa suka gina mutum miliyan 85 na Tailan da kewayenta don su ga ko za a iya kashe murar tsuntsaye tun a tushe. Yana da amfani sosai in tambayarka irin ta a rufe makaranta ko kar a rufe ce. Amma ni ra'ayina, mutane suna ruɗuwa da kyansa. Duk ƙarin bayani da ka sa wa ɗan mutumin nan na cikin kwamfuta, wata lamba ce da dole ka samo ta daga wani wuri, in ba ka da ita sai ka ƙiyasta, ƙiyasi ɗari kuwa in suka taru hoton zai yi kyau amma ba lallai ya fi na mai kashi uku gaskiya ba.

Yanzu ga abin da taswirar talabijin ba ta nuna maka. A misalina na sama nace mai cuta ɗaya duk kwana biyar, amma ai babu wanda ya san ko yau zai hau jirgin ko sai jibi, don haka kwamfuta ƙuri'a take jefawa a kowace tafiya da kowace haɗuwa. In ya sauka ma ba shi kenan ba. A lissafi mafi sauƙi, cutar da R0 ɗinta 2 ne, in mutum ɗaya ya shigo da ita gari, rabin lokaci mutuwa take yi da kanta ba ta kama ba, kamar ashanar da ka kyasta iska ta hure. Cututtuka irin su SARS da korona ma sun fi haka, domin yawancin masu ɗauke da su ba sa shafa wa kowa, 'yan kaɗan ne suke shafa wa mutum goma ko talatin a zama ɗaya. Shi ya sa ba ma buga kwaikwayo sau ɗaya. Ina kunna shi sau dubu in tafi in kwanta, da safe in zo in tarar da duniya dubu daban-daban, a wasu cutar ta mutu a sati na biyu, a wasu ta isa wani birni a kwana 20, a wasu sai kwana 60. Amsar gaskiya ita ce, a cikin dubun nan sau kaza ta isa wuri kaza kafin rana kaza. Jan launin da ka gani yana malala ɗaya ne daga cikin dubun, ko matsakaicinsu, an zaɓo shi ne don ya fi daɗin kallo.

Daga ina ake samun bayanin tafiyar mutane? Na jirgin sama da sauƙi, akwai tikiti akwai jadawali. Na ƙasa ne matsala. In babu komai sai a koma ga wata tsohuwar dabara, ace zirga-zirga tsakanin gari biyu tana ƙaruwa da yawan mutanensu tana raguwa da nisansu. Ta yi aiki sosai akan ƙyanda a Ingila da Wales kafin a fara rigakafi a 1968, inda aka ga annobar tana tashi duk shekara biyu daga manyan birane irin su Landan sannan ta gangara ƙananan garuruwa. Tun 1957 Maurice Bartlett ya lura cewa garin da bai kai mutum wajen 250,000 ba ƙyanda ba ta iya zama a cikinsa dindindin, tana cinye yaran da za ta kama sai ta mutu, sai wani ya sake kawo ta daga birni. Kaga kenan ƙaramin gari ba ya riƙe wutar, aro yake yi.

Sai wayar salula ta zo ta canja komai, domin duk kiran da ka yi akwai eriyar da ta ɗauke shi, in aka cire sunaye aka tara sai kaga motsin ƙasa guda. A Kenya an bi layuka kusan miliyan 15 na tsawon shekara ɗaya, aka ɗora akan taswirar zazzaɓin cizon sauro, sakamakon da ya fito a 2012 ya nuna yankin Tafkin Victoria ne babbar mahaƙar da cutar take fitowa tana bin matafiya zuwa Nairobi. A Haiti bayan girgizar ƙasar Janairun 2010, layuka miliyan 1.9 sun nuna mutum wajen 630,000 sun bar babban birnin cikin sati uku, da kwalara ta ɓarke a Oktoban shekarar kuma aka yi amfani da irin wannan bayanin don ganin inda mutanen yankin da ta fara suke nufa. Sai dai waya ma tana da nata makantar, yara ƙanana ba su da ita, matalauta da mutanen karkara ba su cika bayyana ba, kuma sau da yawa su ne cutar ta fi ci. Ga kuma batun sirrin mutane wanda ni ban ɗauke shi da wasa ba, bayanin da zai nuna maka hanyar kwalara shi ne dai zai nuna wa wani inda mutum yake kwana.

Akwai kuskuren da na taɓa yi a farkon aikina wanda ya koya min yadda ƙaramin zato yake lalata babban lissafi. Na rubuta ƙa'idar tafiya ta yadda wanda ya je garin maƙwabta sai ya zama ɗan can, gobe kuma ya iya wucewa gari na gaba. Cutar ta riƙa keta taswirar da gudun da bai yi kama da komai na zahiri ba, na yi kwanaki ina neman matsalar a lambobin cutar alhali tana wurin mutanen. Mai zuwa aiki yana dawowa gida da yamma, gobe ma hanyar jiya zai bi, mutanen jiya zai gani. Da na sa kowa ya riƙa komawa gidansa sai gudun ya ragu sosai. Tun daga nan duk wanda ya nuna min taswirarsa, tambayata ta farko ita ce mutanenka suna komawa gida kuwa?

Wannan lissafin tafiyar shi ne kuma yake bayyana abin da yake ba mutane mamaki game da rufe iyaka. Ka ɗauka masu cutar suna ninkawa duk sati. Ka hana tafiya kashi 90 cikin 100, wanda ba ƙaramin aiki ba ne, kenan masu fita da cutar sun ragu ninki goma. Amma biyu sau biyu sau biyu takwas ne, don haka cikin sati uku da 'yan kwanaki masu cutar a tushe sun ninka goma, adadin masu fita da ita ya dawo inda yake. Ka sayi sati uku, ba ka tare ta ba. Da aka rufe birnin Wuhan saboda korona ranar 23 ga Janairun 2020, lissafin GLEAM ya nuna a cikin ƙasar Sin jinkirin kwana 3 zuwa 5 kawai aka samu domin ta riga ta fita sauran birane, amma fitarta zuwa ƙasashen waje ya ragu da kusan kashi 80 har tsakiyar Fabrairu. Sati ukun nan suna da daraja in an yi amfani da su wajen shirya asibiti da gwaji, in kuma an zauna ne kawai toh ta iso daga baya ta tarar da mutane yadda ta bar su.

Sai maganar Ebola da ka kawo. A Satumban 2014 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta fitar da ƙiyasi cewa Laberiya da Saliyo za su iya kaiwa mutum miliyan 1.4 zuwa 20 ga Janairun 2015. A ƙarshe duka annobar, har da Gini, ta tsaya a wajen mutum 28,600 da suka kamu, 11,300 suka rasu. Tazarar tana da girma, ba zan ɓoye ba. Amma lambar tana da sharaɗi a gabanta wanda kanun labarai suka yanke, wato in ba a ƙara yin komai ba kuma mutane ba su canja halinsu ba, sannan an ninka adadin da aka sani sau biyu da rabi saboda waɗanda ba a ƙirga ba. A cikin rahoton dai aka ce in aka kai kashi 70 na marasa lafiya wuraren da ba za su shafa wa wasu ba annobar za ta karye, kuma hanyar da aka bi kenan, aka gina cibiyoyin jinya, aka gyara yadda ake binne mamata, jama'a da kansu suka daina taɓa marasa lafiya da hannu. Haka ma lambar korona da jami'ar Imperial College ta Landan ta fitar ranar 16 ga Maris 2020, mutuwar 510,000 a Birtaniya da miliyan 2.2 a Amurka, ita ma ta in an naɗe hannu ce. Hasashen yanayi in aka ce za a yi ruwa, laimar da ka ɗauka ba ta hana hadari haɗuwa, amma hasashen annoba mutane suna jinsa su canja, canjin kuma ya rushe hasashen.

Duk da haka ba zan wanke mu tas ba. Ninka layi ɗaya har wata huɗu gaba kamar mutane duwatsu ne rauni ne na gaske, kuma halin ɗan Adam shi ne inda kwaikwayonmu ya fi gurguncewa har yau. Tsoro yana sa wani ya kulle ƙofa, yana sa wani ya gudu garinsu da cutar a jikinsa, biyun kuma suna jan taswira ta fuska daban. Akwai kuma lokacin da aka bi lissafi aka yi abu mai zafi. A Birtaniya a 2001, da cutar baki da kofato ta kama gonaki sama da 2,000, kwaikwayon kwamfuta ya taimaka wajen yanke shawarar kashe dabbobin gonakin da suke maƙwabtaka da masu cutar ko da ba su nuna alama ba, aka kashe sama da miliyan 6, kuma har gobe likitocin dabbobi da masu lissafi suna jayayya akan ko an wuce gona da iri.

Don haka in ka sake ganin irin taswirar nan, ga yadda ni nake karanta ta. Jerin wuraren da cuta za ta fara isa, wannan shi ne abin da aka fi iya faɗa da ƙarfin gwiwa, saboda hanyoyin tafiya ba sa canjawa da sauri. Kwatanta mataki biyu, a kai rigakafi birni ko a raba shi ko'ina, a rufe yau ko bayan sati biyu, shi ma ana samun amsa mai amfani, kuma anan ne ake gano abin da matsakaicin ƙasa yake ɓoyewa, misali ƙasa ta ce ta yi wa kashi 90 na yara rigakafin ƙyanda alhali sauran goman a unguwanni ɗaya suke a cure, wanda ya isa annoba ta tashi. Adadin waɗanda za su kamu kuwa, daga sati ɗaya zuwa huɗu ana iya ƙoƙari, shi ma an ga haɗa hasashen ƙungiyoyi da yawa a ɗauki tsakiyarsu ya fi dogara da na ƙungiya ɗaya, kuma haka CDC take yi wa mura duk shekara. Abin da ya wuce wata ɗaya ko biyu, ka nemi sharaɗin da aka rubuta a gaban lambar, ka duba sau nawa aka buga kwaikwayon, da tazarar da ke tsakanin mafi ƙanƙanta da mafi girma a cikin sakamakon, da kuma inda aka samo bayanin tafiyar mutanen.